Yadda Ake Amfani da Kalmar “Summon” ta Ingilishi Ba Tare da an Saɓa wa Wanda Ake Kira Ba

Bahaushe yana da kalma ɗaya, wato “kira”, wadda take ɗauke masa nauyi mai yawa a cikin zance. Uwa tana kiran ɗanta ya zo ya ci tuwo, sarki yana kiran hakimi zuwa fada, ladan yana kiran salla, aboki yana kiran abokinsa a waya, alƙali kuma yana kiran wanda aka kawo ƙararsa, duk da kalma guda, kuma babu wanda yake ruɗewa, domin mai sauraro ya riga ya san matsayin mai kiran da matsayin wanda aka kira. Ingilishi ya rarraba wannan aiki a tsakanin kalmomi da dama, ya zuba wa kowace nata nauyin, har ya zama kalmar da mutum ya zaɓa ita ce take bayyana wane ne babba, wane ne ƙarami, da kuma ko wanda aka kira yana da damar ya ce ba zai zo ba. Mafi nauyi a cikinsu ita ce “summon”, kuma ita ce wadda masu koyon Ingilishi a cikinmu suka fi jefa kansu cikin kunya da ita, saboda tana da kwarjini a kan takarda.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan bayani wani ɗan kuskure ne da ya faru a gabana. Ɗan yayata shi ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar firamaren da ya yi, kuma da suka shirya walimar karrama tsohon hedimastansu, dattijon da ya haura shekara saba'in, sai aka ɗora masa rubuta takardar gayyata da Ingilishi. Yaron ya so takardar ta yi armashi, ya ga cewa “call” ta yi masa arha, sai ya buɗe ƙamus ya tsinci wata mai kama da ita, ya rubuta: “You are hereby summoned to attend our gathering.” Ranar walima dattijon ya iso da takardar a ninke a aljihun rigarsa, aka gaisa, aka ba shi kujerar gaba, sannan ya zaro ta ya miƙe ta a kan gwiwarsa, ya dubi yaron ya ce, “Ɗana, wane laifi na yi muku da kuka yi mini sammaci?” Aka yi dariya, shi ma dattijon dariya yake yi, amma yaron bai iya cin abincin walimar ba. Da dare ya same ni a ƙofar gida ya ce, “Kawu, ai ƙamus ne ya ce ma'anarta kira.” Ƙamus bai yi masa ƙarya ba. Abin da ya rage shi ne wane irin kira, kuma daga wa zuwa wa.

Asalin kalmar

Hanya mafi sauƙi ta riƙe nauyin wannan kalma ita ce sanin inda ta fito. Tushenta Latin ne, harshen tsohuwar daular Rum, inda ake da kalmar “summonere”. Wannan kalma haɗin gaɓoɓi biyu ce: ɗafa-goshin “sub”, mai nufin ƙarƙashi ko a ɓoye, da kuma aikatau “monere”, mai nufin tunatarwa ko gargaɗi. Idan aka haɗa su, ma'anar farko ita ce a tunatar da mutum a asirce, irin yadda ake raɗa wa mutum magana a kunne. Da aka haɗa gaɓoɓin biyu sai harafin b ya narke ya koma m saboda maƙwabcinsa, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa har yau ake rubuta kalmar da m guda biyu. Daga wannan tushe na “monere” ne Ingilishi ya sami “admonish”, wato yi wa mutum nasiha ko faɗa, da “monitor”, wadda duk wanda ya zauna a aji ya san ta a matsayin monita mai rubuta sunayen masu surutu.

Daga Latin kalmar ta gangaro cikin tsohon Faransanci ta zama “somondre”, kuma a can ne raɗar kunne ta rikiɗe ta zama umarnin hukuma na a bayyana a wani wuri. A shekarar 1066 William, sarkin yankin Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a fagen Hastings, ya hau gadon sarautarta, kuma tun daga lokacin Faransanci ya zama harshen fada da na kotu a ƙasar har na tsawon ɗaruruwan shekaru, alhali talakawa suna ci gaba da magana da Ingilishinsu a gona da kasuwa. Sai a shekarar 1362 aka kafa dokar da ta ce a riƙa gudanar da muhawarar shari'a da Ingilishi, amma kafin nan kalmomin shari'a na Faransanci sun riga sun yi kaka-gida. Shi ya sa “court”, da “judge”, da “jury”, da “plaintiff”, da “defendant” duk daga Faransanci suke, kuma “summon” 'yar ɗakinsu ce, ta shiga Ingilishi wajajen shekarar 1200 ta ƙofar fada da kotu. Sarakunan Ingila da takardar da ake kira “writ of summons” suke tara majalisa, kamar yadda Edward na Ɗaya ya yi a shekarar 1295. Jami'in da aikinsa shi ne kai wa mutane takardar kiran kotu ana ce masa “summoner”, kuma daga wannan sana'a ne sunan dangi na Sumner ya samo asali, kamar yadda a wurinmu sana'ar kaka takan bi jika ta zama laƙabinsa.

Ita kuwa “call” ta wata hanya dabam ta zo. Masana da dama suna danganta ta da kalmar “kalla” ta tsohon harshen mutanen arewacin Turai, wato mayaƙan da ake kira Viking, waɗanda suka riƙa kai hari Ingila ta teku tun daga ƙarshen ƙarni na 8, daga baya suka zauna a gabashi da arewacin ƙasar suka yi auratayya da mutanenta. Ma'anarta ta asali ita ce ɗaga murya, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ganinta a rubuce shi ne tsohuwar waƙar yaƙin Maldon na shekarar 991, inda jagoran mayaƙan Ingila ya ƙwala wa abokan gaba kira daga ƙetaren ruwa. Wato “call” daga maƙogwaro ta fito, “summon” kuwa daga takarda mai hatimi, kuma bayan shekaru ɗari takwas na zama a harshe ɗaya kowace tana nan da halin gidansu.

Abin da zai taimaki Bahaushe fiye da kowa shi ne cewa wannan kalma ta daɗe da shigowa harshenmu. “Sammaci” da muke faɗa ba wani abu ba ne illa “summons” ta Ingilishi, wadda ta shigo tare da tsarin kotunan zamanin mulkin Turawa, bakin Hausawa ya sassaƙa ta har ta zama tamu. Duk lokacin da hannu ya kai ga rubuta “summon”, to a fara fassara jimlar a zuci da “sammaci”, a saurari yadda za ta faɗa a kunne. Idan ya dace a ce shugaban makaranta ya yi sammacin ɗalibi, jimlar Ingilishin ma za ta zauna daidai. Idan kuwa fassarar ta fito da cewa ɗalibai sun yi sammacin malaminsu zuwa walima, to kunne da kansa zai ƙi ta tun kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Tambayoyin da za a yi kafin a zaɓe ta

Tambaya ta farko ita ce ko mai kiran yana da iko a kan wanda yake kira. “Summon” daga sama take gangarowa zuwa ƙasa: alƙali ga wanda ake tuhuma ko ga mai shaida, shugaba ga ma'aikacinsa, majalisa ga minista, sarki ga hakimansa, hukumar makaranta ga ɗalibi. Ba ta hawa daga ƙasa zuwa sama, kuma ba ta tafiya a tsakanin tsara da tsara sai da wasa. Bature zai iya ce wa abokinsa “I have been summoned” idan matarsa ta kira shi daga kicin, yana murmushi, kuma abin dariyar yana cikin nuna cewa umarni ne ya zo daga sama wanda ba a musa masa. Wanda bai gane wannan ba sai ya ɗauka cewa haka ake faɗa a kullum, ya kwaikwaya a inda babu wasa.

Tambaya ta biyu ita ce ko wanda aka kira yana da zaɓi. Idan yana iya ba da uzuri ya zauna a gida ba tare da wani abu ya biyo baya ba, kalmar da ta dace ita ce “invite”, wato gayyata. Idan ƙin zuwansa zai jawo masa tara, ko takardar gargaɗi, ko a aiko a kamo shi, to nan ne gidan “summon”. A nan akwai wata al'ada ta Ingilishin Nijeriya da ya kamata mai karatu ya lura da ita, domin jami'an tsaro da na binciken kuɗi sukan ce sun yi “invite” na wane domin ya amsa tambayoyi, jaridu su ɗauka haka, gidajen rediyo su fassara da cewa an gayyace shi. Kowa ya san gayyatar da ake zuwa da lauya a kuma tafi da buroshin goge baki a jaka ba irin ta ɗaurin aure ba ce. Wannan sassauta lafazi ne kawai, kuma a ra'ayina mai fassara yana da haƙƙin ya duba abin da ya faru a zahiri kafin ya zaɓi tsakanin “gayyata” da “sammaci”.

Tambaya ta uku ita ce ko ana son mutumin ya taso ya zo da ƙafarsa. “Summon” kullum tana ɗauke da ma'anar halarta. Ba a amfani da ita wajen buga waya domin gaisuwa, ba a amfani da ita wajen ambaton sunan mutum, ba a kuma amfani da ita wajen raɗa suna. Wanda ya rubuta wa malaminsa “I summoned you yesterday but your phone was off” yana nufin ya buga masa waya, ya yi kuskure biyu a jimla ɗaya: ya ɗora kansa a kan malamin, kuma ya yi amfani da kalmar halarta a wurin da magana kawai ake nema.

Akwai wuri guda da ƙa'idar iko take sassautawa, wato lokacin gaggawa. Ana cewa “summon help”, ko “summon a doctor”, ko “summon an ambulance”, ko da mai kiran ba shi da wani matsayi a kan likitan, saboda a irin wannan hali larura ce take ba da umarni. Wannan salon rubutu ne da na rahoton jarida. A bakin titi, idan mota ta buge mutum, abin da Bature zai ƙwala shi ne “Call an ambulance!”, domin babu mai neman kalmar fada a lokacin da jini yake zuba.

Yadda ake gina jimlar

Ana furta kalmar kusan kamar yadda muke cewa “saman” a cikin “saman ɗaki”, sai dai ƙarfin murya yana kan gaɓar farko, gaɓa ta biyu kuma a taƙaice take. Aikatau ne so-karɓau, ma'ana dole ne a ambaci wanda aka kira nan take bayanta, ba tare da an sa wata ƙaramar kalma a tsakani ba. Ana cewa “The chairman summoned the treasurer”, ba a cewa “summoned to the treasurer” ko “summoned for the treasurer”. A shuɗaɗɗen lokaci ana ƙara mata “ed” kawai ta zama “summoned”, da n guda ɗaya, haka ma “summoning”. Masu ninka n suna yin haka ne saboda sun ga m a ninke, alhali ninkin m ɗin gadon Latin ne kamar yadda aka bayyana a sama.

Bayan an ambaci wanda aka kira, ƙananan kalmomi uku ne suke biyo baya, kowace da aikinta. “To” tana nuna wurin da za a je ko abin da za a yi, kamar “summoned to the palace”, wato an kira shi fada, ko “summoned to give evidence”, wato an kira shi ya ba da shaida. “Before” tana nuna hukumar da za a gurfana a gabanta, kamar “summoned before the committee”. “For” kuwa tana nuna dalili, kamar “summoned for questioning”, wato domin amsa tambayoyi. Sau da yawa za a ga kalmar a sigar da ba a ambaci mai aikin ba, irin wadda Hausa take yi da “an” ko “aka”, misali “He was summoned to Abuja”, an kira shi Abuja. Wannan siga ta yi daidai da yanayin kalmar, domin wanda aka yi wa sammaci sau da yawa takarda yake gani, ba ya ganin fuskar wanda ya sa hannu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen sunan da aka ciro daga kalmar. Takardar sammaci guda ɗaya sunanta “a summons”, da s a ƙarshe, kuma wannan s ɗin ba alamar jam'i ba ce, ragowar kalmar tsohon Faransanci ce ta “somonse”. Saboda haka “a summon” kuskure ne, ko da an sha ganinsa a jaridu. Idan takardun suna da yawa sai a ce “summonses”, kalmar da take da nauyi a baki amma ita ce daidai. Kotu takan yi “issue a summons”, wato ta fitar da sammaci, masinjan kotu kuma ya yi “serve”, wato ya danƙa shi ga mai shi, shi ya sa ake cewa “He was served with a summons”. A Ingilishin Birtaniya har akwai aikatau “to summons”, inda za a ji an ce “He was summonsed for dangerous driving”, amma wannan na kotu ne kaɗai, ba a aron sa zuwa ofis ko fada. Akwai kuma 'yar uwarta “subpoena”, wadda a Latin take nufin a ƙarƙashin hukunci, ana amfani da ita wajen tilasta wa mai shaida ya bayyana ko ya kawo wasu takardu, musamman a Amurka da kuma a kotunan Nijeriya. Ba a furta b ɗin da ke cikinta, ana cewa “sapina”.

Kalmar tana da wani amfani na aro wanda yake da daɗi a rubutu. Ana cewa “summon the courage” ko “summon up the courage”, wato mutum ya tattaro ƙarfin halinsa ya yi ta maza, kamar dai ƙarfin halin wani bara ne da ya ɓuya a lungu aka aika masa umarni ya fito. Haka ake cewa “summon a smile” ga wanda ya ƙaƙaro murmushi alhali ransa a ɓace yake, da “summon up memories” ga abin da ya tono tsohon tunani. Ana kuma amfani da ita wajen kiran aljanu ko ruhohi a tatsuniyoyi da labaran tsafi, “summon a spirit”.

Idan ba ita ba, wace ce?

A mafi yawan lokuta amsar ita ce “call”, kuma babu wani ƙasƙanci a cikin amfani da ita, duk da cewa ɗalibai sukan raina ta saboda gajartarta. Ita ce ta murya, ita ce ta waya, ita ce ta suna. Abin lura shi ne yadda ƙaramar kalma take juya mata ma'ana. “Call him” shi ne a kira shi ko a buga masa waya, “call to him” shi ne a ƙwala masa kira daga nesa, “call on him” shi ne a kai masa ziyara ko a nemi ya yi wani abu, kamar yadda ake kira ga gwamnati, “call back” shi ne a mayar da kira, “call off” kuwa soke abu ne, kuma da ita ake ba da labarin janye yajin aiki. “Call him names” ba ambaton sunayensa ba ne, zaginsa ne. Ga waya, mutanen Birtaniya sukan ce “ring” ko “phone”, Amurkawa sun fi riƙe “call”, kuma dukansu ba sa son “to” a bayansu, wato “phone me” ake cewa. Shi kuwa “flash”, wanda muka mayar filashin bayan zuwan wayar salula Nijeriya a shekarar 2001, namu ne na wannan yanki, mutumin Landan ba lallai ya gane shi ba sai an ce masa “missed call”.

Idan babba ne ya aika a kira ƙarami amma babu zancen hukuma ko laifi, akwai “send for”, wadda ta yi daidai da “aika a kira” ta Hausa. “My father sent for me” tana nuna girman uba ba tare da ta mayar da shi alƙali ba, kuma na fi son ta a duk inda zumunci yake. Idan da hannu aka yi kiran, wato yafito, kalmar ita ce “beckon”, tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai tushe ɗaya da “beacon”, wutar da ake kunnawa a tudu domin ba da alama. Idan tsayar da tasi ne a bakin hanya sai a ce “hail a taxi”, daga wata tsohuwar gaisuwar mutanen arewacin Turai mai nufin lafiya. Idan ta lasifika aka nemi mutum a filin jirgin sama ko a asibiti, to “page” ce. Idan taro ne za a haɗa, “call a meeting” ta wadatar, “convene” ta fi ta tsari, “summon a meeting” kuwa tana nuna cewa shugaba ne ya kira, cikin gaggawa, kuma ba ya son jin uzuri.

Karanta ta a cikin labarai

Wanda yake bin labaran duniya da Ingilishi zai fi haɗuwa da kalmar a wurare biyu, kuma a dukansu fassarar gaggawa tana ɓata ma'ana. Na farko shi ne majalisa. Sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 sun ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon gudanar da bincike da kuma kiran kowane mutum a ƙasar ya ba da shaida ko ya kawo takardu, har da ikon ba da takardar a kamo wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, kuma kalmar da sashe na 89 ya yi amfani da ita ita ce “summon”. Saboda haka idan jarida ta ce “Senate summons minister”, magana ce mai tushe a doka. A lura kuma cewa s ɗin da ke wannan kanun labari ta aikatau ce mai nuna cewa mai aikin guda ɗaya ne, ba sunan takardar ba ne. A Birtaniya abin har ya zama biki: ranar buɗe majalisa sarki yakan aiki wani jami'i da ake kira Black Rod, mai riƙe da baƙar sanda, ya kirawo 'yan Majalisar Wakilai zuwa zauren Majalisar Dattawa, su kuma su rufe masa ƙofa a fuska, sai ya ƙwanƙwasa sau uku da sandar sannan a buɗe. Ana danganta wannan da abin da ya faru a shekarar 1642, lokacin da Sarki Charles na Ɗaya ya shiga zauren Majalisar Wakilai da kansa domin kama wakilai biyar, kuma manufar ita ce a nuna cewa majalisar tana amsa kiran sarki ne ba don tana tsoronsa ba.

Wuri na biyu shi ne hulɗar jakadanci, inda ake yawan cakuɗa “summon” da “recall”. Idan ƙasa ta yi “summon” na jakada, jakadan wata ƙasa ne da yake zaune a cikinta ta kira zuwa ma'aikatar harkokin waje domin ta nuna masa ɓacin ranta, kamar yadda ministan harkokin wajen Nijeriya na lokacin, Geoffrey Onyeama, ya kira jakadan Afirka ta Kudu a watan Satumba na 2019 saboda hare-haren da aka kai wa baƙi a can. Idan kuwa ta yi “recall”, nata jakadan ne ta kira ya dawo gida daga inda ta tura shi, kamar yadda Faransa ta yi wa jakadunta na Amurka da Ostireliya a watan Satumba na 2021 a kan rikicin cinikin jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku. Mataki na biyu ya fi na farko tsanani nesa ba kusa ba, amma idan mai fassara ya ce “ta kira jakada” ya yi shiru, mai sauraro ba zai san wanne aka ɗauka ba. Gara a ce “ta kira jakadan ƙasa kaza domin ya yi bayani” a na farko, a kuma ce “ta janye jakadanta” ko “ta kira jakadanta gida” a na biyu. Wannan “recall” ɗin dai ita ce kuma kiranyen da mazaɓa take yi wa ɗan majalisarta.

Game da takardar ɗan yayata, washegari mun zauna da shi mun sake ta, domin ƙungiyar tana da wasu dattawan da za ta karrama a shekara mai zuwa. Mun cire “hereby”, wadda ita ma kalmar takardun kotu ce, muka cire “summoned”, muka rubuta: “We would be honoured if you could join us.” Ga membobin ƙungiyar, waɗanda tsararsa ne, muka rubuta “You are invited to a meeting”. Ya tambaye ni ko akwai wanda zai iya rubuta wa “summon” a cikin ƙungiyar gaba ɗaya, na ce masa idan kwamitin ladabtarwa ya nemi ma'aji ya zo ya yi bayanin kuɗin da suka ɓace, wannan takardar ce wurinta, kuma ko ita shugaban kwamitin ne zai sa mata hannu.